Amsa: LibreOffice zai riƙe shagon buga takardu?

Ɗan'uwa, ka ce kana da shagon buga takardu a wajen Ringim, kana tambaya ko LibreOffice zai maye maka gurbin Microsoft Office ɗin da kullum yake damunka da neman lasisi. E, zai iya, ka sauke shi hankalinka kwance. Tun 2010 ake raya shi a fili ƙarƙashin gidauniyar The Document Foundation da ke Jamus, kuma lasisinsa ya halatta maka neman kuɗi da shi ba tare da biyan ko sisi ba. Wasiƙa, takardun jarrabawar makaranta, lissafin ciniki, duk yana yi, kuma ba ya neman intanet, wanda mu nan karkara mun san darajar hakan.

Sharaɗi ɗaya dai: fayil ɗin Word da kwastoma ya kawo a filashi, wani lokaci teburinsa kan goce, shafi biyu su zama uku. Yawanci salon haruffa ne sila. Ka sa salon haruffa mai suna Carlito, faɗinsa ɗaya da Calibri na Microsoft Word. Ni a shagona sai na mayar da fayil PDF na duba a allo kafin in buga, don takarda da tawada sun yi tsada.