Amsa kan shirin sayen gida na waɗanda suka ci caca a Amurka

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Na ga tambayarki a kan shirin nan na tashar HGTV mai suna My Lottery Dream Home, inda kika ce abin da ya ɗaure miki kai shi ne yadda mutum zai ci dala miliyan ɗaya amma ya ɓige da sayen gida mai ɗakuna uku irin na kowa da kowa, har kika fara zargin ko wasan kwaikwayo ne kawai. Na daɗe ina zaune a Amurka, na sha wahalar neman gida da sayensa a nan, kuma ni da maiɗakina mun yi shekaru muna kallon shirin, don haka zan faɗa miki abin da na fahimta.

An fara shirin a shekarar 2015, kuma mai gabatar da shi David Bromstad ne, wanda ya yi suna tun 2006 lokacin da ya lashe gasar masu ƙawata gida ta wannan tashar. Tsarinsa bai cika canzawa ba: wanda ya ci cacar zai faɗi nawa yake son kashewa, a nuna masa gidaje uku, ya zaɓi ɗaya, duk a cikin rabin awa.

Ƙorafin da kika yi shi ne wanda na fi ji a bakin masu kallo, har da Amurkawan da muke aiki tare, domin mutane suna zama gaban talabijin ne da tsammanin ganin fada mai wurin ninƙaya da garejin motoci biyar. A ganina kuwa, wannan ƙanƙantar gidajen ita ce gaskiya mafi girma da shirin yake nunawa. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa ba babbar cacar Powerball ko Mega Millions suka ci ba, katin nan ne da ake saya a gidan mai ko kanti a kankare shi da kwabo, kuma miliyan ɗayan da aka rubuta a kansa ba ita ce ke shiga hannu ba. A jihar Massachusetts, misali, wanda ya ci miliyan ɗaya yana da zaɓi biyu: ko a riƙa ba shi dala 50,000 duk shekara har shekara 20, ko ya karɓi dala 650,000 a dunƙule. Idan ya zaɓi na biyun, nan take za a cire kashi 24 cikin 100 na gwamnatin tarayya da kashi 5 na jiha, ya tashi da abin da bai kai 470,000 ba, sannan idan lokacin cike takardun haraji ya zo zai iya yin ciko, tunda harajin masu babban samu yana kaiwa kashi 37. To, mutumin da ke da bashin mota da na asibiti da na makarantar yara, idan ya ce gidan dala 300,000 yake nema, ba rowa ba ce, hankali ne.

Abin da ni nake jin haushinsa daban ne, kuma ba kasafai nake jin masu kallo suna ambatonsa ba. Shirin yana ƙarewa ne a ranar da aka shiga gida ana murna, alhali a ƙasar nan ranar ce ɗawainiya take farawa. Ko da ka biya kuɗin gida lakadan, harajinsa na shekara-shekara yana nan har abada, ga inshora, ga kuɗin wata-wata na ƙungiyar masu gidajen unguwa idan a irin wannan rukunin ka saya. A shekararmu ta biyu da tarewa, na'urar sanyaya gida ta mutu a tsakiyar zafi, ga takardar haraji ta zo da ƙari saboda an sake ƙiyasta darajar gidan, sai da muka yi watanni muna matse bakin aljihu. Shi ya sa duk lokacin da na ga wanda ya ci caca yana kwaɗayin gida a bakin teku a Florida, inda guguwa ta sa inshora ta yi tsada ƙwarai, sai hankalina ya tashi a madadinsa, domin kuɗin caca sau ɗaya yake zuwa, su kuwa waɗannan takardu duk shekara suke sallama.

Game da ko gaskiya ne, masu cin cacar mutane ne na zahiri, kuma a jihohi da yawa hukumar caca kan bayyana sunan wanda ya ci. Sai dai duk wanda ya taɓa sayen gida ya san ba a yinsa da duba gidaje uku. Mu mun shiga fiye da ashirin, kuma daga yin tayi zuwa karɓar makulli sai da muka haura wata guda ana binciken gini da takardu. A 2012 wata da ta fito a House Hunters, wani shirin na wannan tashar, ta bayyana cewa sun riga sun sayi gidansu kafin a ɗauki shirin, sauran biyun kuma na abokansu ne da ba a sa su kasuwa ba. Tun daga nan nake ɗaukar zaɓen gida ɗaya cikin uku a matsayin tsarin ba da labari, ba ainihin yadda cinikin ya gudana ba.

Shi kansa mai gabatarwar ya raba kan masu kallo. Wasu saboda fara'arsa suke kallo, wasu kuma suna ganin ihunsa da zanen da ya cika jikinsa sun yi yawa. Ni abin da nake yaba masa shi ne ban taɓa ganin ya raina mai ƙaramin kuɗi ba. Yadda yake zumuɗi da gidan miliyoyi haka yake yi da ɗan madaidaici.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye miki ba. Caca haramun ce a addininmu, ban taɓa sayen tikiti ba, kuma shirin, da niyya ko ba da niyya ba, talla ne gare ta, domin wanda ya ci kaɗai ake nunawa. Damar cin babbar kyautar Powerball ɗaya ce cikin kimanin miliyan 292, amma kyamara ba ta zuwa gidan mai da yamma ta ɗauko ma'aikacin da ke tsaye yana kankare kati bayan kati da kuɗin guminsa, wanda ni nake gani kusan kullum a hanyata ta dawowa daga aiki. Saboda haka idan yarana suna falo nakan yi musu wannan bayanin kafin mu ci gaba da kallo, sannan mu zauna mu yi lissafin harajin gidan da aka zaɓa tare, su da kansu su faɗa mini ko mutumin zai iya riƙe shi.