Ɗana ya haddace kalmomin Turanci amma yana rikita su

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara takwas ya haddace kalmomin Turanci masu yawa tare da ma'anarsu, amma da zarar ya buɗe baki sai ya sa kalma inda ba wurinta ba. Ina matsalar take?

Amsa: Malama, ƙwaƙwalwar yaron lafiyarta ƙalau. Matsalar tana cikin jerin da aka ba shi, wanda ya ajiye kowace kalmar Turanci kusa da kalmar Hausa guda ɗaya kamar tagwaye, alhali harsunan biyu ba a gaɓa ɗaya suke yanka ma'ana ba.

Ki dubi kalmar "ji". Bahaushe yana jin magana, yana jin sanyi, yana jin ƙamshi, har Turancin ma jin sa yake yi, amma Bature ya raba wannan aiki tsakanin hear, feel, smell da understand. Yaron da aka koya wa cewa "ji" shi ne hear, ranar da ya shaƙi hayaƙi zai ce "I hear smoke", kuma bisa abin da aka koya masa bai yi kuskure ba. Haka "hannu" yake: daga wuyan hannu zuwa yatsu hand ne, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu kuwa arm. Wani lokaci Turancin ne ke dunƙulewa, domin kawu da baffa duk uncle ne, wa da ƙane duk brother. Kalmomin aro ma suna da tarko, tunda tebur ya dace da table, amma mota a bakin Bature car ce.

Shawarata ita ce ki daina ba shi kalma tsirara. Ki ba shi ita cikin gajeriyar jimla, a daidai lokacin da abin ke faruwa: idan ya ɗauki ƙwayar magani ki ce "take your medicine", ya ji da kunnensa cewa ba drink ake cewa ba.

Ki kuma rage yawa. Jerin da masanin ilimi na Amurka Edward Dolch ya fitar a 1936 kalmomi 220 ne kacal, irin su the, and, come da little, waɗanda suka cika littattafan yara. A ganina, kalma biyar a mako, kowacce cikin jimloli uku daban-daban, ta ishi ɗan shekara takwas.