Hayaƙi zai iya komawa fetur?

Tambaya: Malam, ni mai walda ne a nan Maradi. Na ji ana cewa Turawa na mayar da hayaƙin injina man fetur da wani abu wai shi filasma. Gaskiya ne, ko zancen majalisa ne?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, amma da sauran rina a kaba. Filasma ba baƙonka ba ne: shuɗin hasken nan da ke tashi tsakanin sandar walda da ƙarfe, shi ne. Iska ce da lantarki ya ratsa har ƙwayoyinta suka saki ilektoron ɗinsu, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki.

Iskar CO2 da ke cikin hayaƙi taurin kai gare ta. In da zafi kaɗai za a fasa ta, sai an haura digiri 2000. A cikin filasma kuwa, ilektoron ne ke yi mata ruwan duka har ta rabu, a sami iskar CO da oksijin. In aka gauraya CO2 da mitan, wata iskar gas mai kama wuta, sai a sami CO da haidurojin, cakuɗar da Fischer da Tropsch suka nuna a Jamus tun 1925 cewa ana iya mayar da ita man mota. Ana samun metanol ma, wani ruwa mai kama wuta, daga gare ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne wuta. Ƙarfin da fetur ya bayar lokacin da ya ƙone, dole a biya shi da lantarki kafin ya dawo, har da ƙari. Fasa kilo ɗaya na CO2 na cin aƙalla kilowat-awa 1.8, kuma na'urorin suna cin fiye da haka, don wani ɓangare na CO yakan sake haɗewa da oksijin da zarar iskar ta fara hucewa. Wannan na cikin matsalolin da masana irin su Annemie Bogaerts ta jami'ar Antwerp a Beljiyam ke fama da su. Don haka wanda ya tada janareta don ya mayar da hayaƙinta fetur, asara zai tafka.

Abin da ya sa ban raina fasahar ba shi ne, ana kunna filasma a kashe nan take, ta dace da wutar sola mai zuwa da tafiya. A Nijar, Malbaza zan fara dubawa: ga masana'antar siminti mai fitar da CO2 a wuri guda, ga tashar sola mai megawat 7 tun 2018. Amma a yanzu yawancin aikin yana ɗakunan bincike da ƙananan na'urorin gwaji, bai kai ga gidan mai ba.