Tambayi Likita: Bakteriya, Maruru da Ƙwayar Staf

Tambaya: Likita, me ya sa ake hana ni antibayotik idan ina mura?

Amsa: Malam, ai bairas ne ke kawo mura, ba bakteriya ba. Bakteriya halitta ce mai ƙwayar rai guda, wadda ke ci ta kuma rabu gida biyu ta hayayyafa da kanta, shi kuwa bairas sai ya shiga ƙwayoyin jikin mutum yake iya yaɗuwa. Antibayotik bangon bakteriya yake rushewa ko ya hana ta girma, don haka ba ya taɓa bairas. Yawancin bakteriya ma ba sa cutarwa, 'yan kaɗan ne ke jawo irin su tarin fuka, taifot da kwalara.

Tambaya: Gwajin da na yi ya nuna staf, aka ce mini ciwon sanyi ne kuma zai hana ni haihuwa. Gaskiya ne?

Amsa: Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Wannan ƙwayar bakteriya, wadda cikakken sunanta Staphylococcus aureus, tana zaune a hanci ko fatar kusan mutum 1 cikin 3 masu ƙoshin lafiya, kuma ba a lissafa ta cikin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Wani likitan fiɗa ɗan Sikotland, Alexander Ogston, ya gano ta cikin mugunya a 1880, inda ya gan ta a madubin ƙara girma curi-curi kamar nonon inabi. Sau da yawa audugar gwaji a kan fata take kwaso ta, shi ya sa takardar sakamako kaɗai ba ta isa a ɗora mutum a kan allurai ba, sai an duba alamun da yake da su. Abin takaici ne yadda ake tsorata mata da wannan suna, alhali ainihin abin da ke damunsu ba a bincika shi ba. Haɗarinta na gaskiya yana zuwa ne idan ta samu ƙofa, kamar rauni ko wurin fiɗa, ta kai ga jini, ƙashi, huhu ko zuciya.

Tambaya: Maruru ya addabe ni, ɗaya na warkewa wani na fitowa. Ina mafita?

Amsa: Staf ce ke shiga gindin gashi ta tara mugunya. Ka riƙa gasa wurin da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, amma kada ka matse shi, musamman idan tsakanin hanci da leɓen sama yake, domin jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai. Babban maruru sai an tsaga shi a asibiti, kuma idan zazzaɓi ya biyo baya ko jan ya fara yaɗuwa, kada ka kwana ba ka ga likita ba. Tun da yana dawowa, a gwada maka ciwon suga, ka daina haɗa tawul da reza da kowa, sannan a ɗebi mugunyar a gano maganin da ƙwayar ke ji, saboda akwai nau'in staf da ake kira MRSA, wanda aka fara gani a Ingila a 1961, da ba ya jin yawancin dangin penisilin.

Tambaya: Na ɗumama abinci sosai, amma muka kama amai bayan awa biyu. Me ya faru?

Amsa: Mai yiwuwa gubar staf ce, Hajiya. Zafi yana kashe ƙwayar amma ba ya lalata gubar da ta riga ta zuba a abincin da ya daɗe a ajiye. Aman kan fara tsakanin minti 30 da awa 8, kuma yakan lafa cikin kwana guda. Ruwan gishiri da suga ake buƙata, ba antibayotik ba, sai dai a kai yaro ko tsoho asibiti idan ruwan ya ƙi zama a cikinsa.