Amsa ga matar faston da aka riƙe wa albashi

'Yata, salama a gare ki. Tun daren jiya na ga tambayarki, zuciyata ba ta huta ba. Kin ce an tura maigidanki wata ƙaramar ikilisiya a karkara, an yi watanni ba a ba shi cikakken albashi ba, da ya buɗe baki dattawa suka ce ƙarancin bangaskiya ke damunsa, yanzu har yana tunanin ajiye aikin ya kama acaɓa. Kina tambaya ko zunubi ne fasto ya nemi haƙƙinsa. Ba zunubi ba ne, ko kaɗan. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ni ma matar fasto ce, a ƙauyukan kudancin Gombe muka ƙarar da ƙuruciyarmu ni da maigidana Baba kafin ya yi ritaya.

Ki ce wa maigidanki ya buɗe musu Nehemiya 13. Da aka daina ba Lawiyawa, masu hidimar Haikali, rabonsu, kowa ya kama hanyar gonarsa, Haikali ya zama kango ba mai hidima. Nehemiya da ya dawo, Lawiyawa ya tsawata wa? A'a, shugabanni ya tsare da tambaya, don me aka yi watsi da gidan Allah. Haka Bulus ya faɗa a 1 Korintiyawa 9:14, Ubangiji ne da kansa ya umarta masu shelar bishara su ci abinci ta wurin bishara. Dattawan nan sun san ayoyin, sai dai Malakai 3:10 kaɗai suke tunawa ranar da ake wa'azin zakka.

Irin maganar da aka yaɓa wa mijinki, ni a gaban jama'a aka yaɓa mini. Damina ce, hatsin rumbu ya ƙare, sabo bai nuna ba. Autana ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro har tafin hannunsa ya yi fari fat, a asibiti suka ce sai an ƙara masa jini. Baba yana can wani ƙauye wajen jana'izar mamba, a kan keken aro. Na saɓa yaron a baya na nufi gidan ma'aji. Na iske shi a gindin dalbejiya da baƙi, yana ɓare gyaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ba kyauta na zo roƙo ba, a cikin bashin albashin da muke bi a taimaka a ba mu wani abu. Mutumin nan bai ko ɗago ya dubi yaron ba. Ya ce, "Mama, ku da kuke koya mana dogara ga Allah, yau ina taku dogarar?" Sannan ya ce kuɗin da ke hannu na gini ne, ba ya taɓuwa. Da idona na ga buhunan siminti jibge a bayan majami'a, ruwa ya riga ya daskarar da na ƙasa. Wannan ma'ajin fa, Baba ne ya kwana a ƙofar gidansa yana sasanta shi da matarsa lokacin da ta haɗa kayanta. Baba ne ya tsaya a kan kabarin mahaifinsa. Ranar Lahadi kuma shi ne ya jagoranci addu'ar baiko, da babbar riga, muryarsa har waje. Na gafarta masa, Allah ne shaidata, amma har yau in na ji ana ɓare gyaɗa sai ƙirjina ya yi nauyi. Wata gwauruwa a zumuntar mata, mai sayar da daddawa, ita ta kwance bakin zanenta ta juye mini abin da ke ciki, sauran mata suka cika. Yaron ya rayu, yanzu shi ma magidanci ne.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu cewa fastoci sun ƙoshi. Suna kallon manyan masu wa'azi na Legas da Abuja a talabijin, sai su auna faston ƙauye da su. Wa ake buga wa ƙofa da tsakar dare in naƙuda ta zo da gardama? Wa ke zaman sulhu a kan iyakar gona, ya bi yaron da ya faɗa shaye-shaye, ya je ofishin 'yan sanda belin mamba da kuɗin motarsa? A 2014 da 2015, da bama-bamai ke tashi a tashoshin mota da kasuwar Gombe, na san fastocin da ba su rufe majami'a ko Lahadi ɗaya ba. Tun da 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka Kaltungo a 1917, bishara ba ta bazu a ƙasar Tangale da Waja da Tula da cikin wofi ba. Iyayenmu talakawa ne, amma in an yi girbi suna ware wa mai bishara damin dawarsa, matasa su yi masa gayya a gona. Yau ga kuɗi a hannun mutane, ga rowa.

Kada ya tsaya a maganar baki. Ya rubuta takarda, wata-wata, abin da aka ba shi da abin da ya rage, ya kai wa sakataren gundumar ikilisiya, ya ajiye kwafi. Ya roƙa a riƙa tura albashin ta banki, domin kuɗin hannu shi ke sa ma'aji ya ɗauka daga aljihunsa yake bayarwa. Kuma a duba ko ana zuba masa kuɗin fansho. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya ninka, gwamnati ma ta kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, ikilisiya ba za ta ce ba ta ji ba. Amma ina roƙonki, duk tsananin yunwa kada hannunsa ya shiga kwanon baiko, ko da sunan rance. Ranar da ya taɓa, su da suka ci haƙƙinsa su ne za su fara kiransa ɓarawo.

Maganar acaɓa kuwa, sana'a ba abin kunya ba ce, Bulus ya ɗinka tanti tare da Akila da Biriskila. Ya yi noma, ya yi kiwo, amma kada ya ajiye kiransa cikin fushi. Ke ma ki kama wani abu. Ni ƙuli-ƙuli da man gyaɗa suka biya wa yarana makaranta, duk da gulmar da aka yi cewa matar fasto ta zama 'yar kasuwa. Ku nemi ko ɗan fili ne a garinku ku fara aza bulo, domin gidan fasto ba naku ba ne, ranar da takardar canji ko ta ritaya ta zo, wa'adi kaɗan ake ba ku. Na ga matan fastoci da aka fitar da kayansu tun ba su gama zaman makoki ba.

Ku kuma mambobin da ke karanta wannan, yaushe rabonku da ku tambayi matar fastonku ko an ɗora tukunya?

'Yata, ba ki faɗa ba ko yaran suna zuwa makaranta a wannan zangon. Ki yi mini magana ta gefe, muna da taron zumuntar mata ranar Alhamis, zan kai maganarki ba tare da na ambaci sunanki ba.