Ɗana na zuwa na ɗaya a firamare, zai ci WAEC?

Hajiya, kin tambaya ko sakamakon firamare na nuna yadda yaro zai yi a WAEC ko NECO. Akwai alaƙa, amma matsayi a aji ma'auni ne mai rauni. Na ɗaya a wannan makaranta zai iya zama na 20 a wata, kuma jarrabawar ƙarshen zango sau da yawa hadda ce ta abin da malami ya rubuta a allo.

Abin da ya fi nuna gaba shi ne fahimtar karatu da lissafi. Ki ba shi shafin Turanci da bai taɓa gani ba, ya karanta da ƙarfi, sannan ya bayyana miki ma'anarsa da Hausa. In ya karanta tiryan-tiryan amma ya kasa bayani, matsalar kenan, domin da Turanci ake tambayoyin kusan duk darussan. Sai ki ce ya haɗa rabi da sulusi. Wanda ya shiga JSS1 wannan na ba shi wuya, aljabra, wato lissafin da ake yi da haruffa, za ta gagare shi, ga shi yawancin kwasa-kwasan jami'a na neman kiredit 5 har da Turanci da Lissafi.

Shekara 6 ke tsakanin gama firamare da WAEC, yara suna canzawa sosai. Ki sake dubawa da sakamakon BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, a JSS3.