Amsa: Me ya sa harajin albashina bai ragu ba bayan haihuwa?

Malam, barka da ƙaruwa, Allah ya raya. Ka ce an yi maka haihuwa wata uku ke nan a Yamai, amma ITS ɗin (wato harajin albashi) da ake cire maka bai motsa ba.

Ɗauko takardar albashinka ka dubi wurin da aka rubuta adadin iyalin da ke wuyanka. Galibi nan matsalar take. Ragin harajin yana bin wannan adadin ne, kuma mai lissafin albashi ba zai canza shi ba sai ka kai masa takardar haihuwar jaririn daga ma'aikatar magajin gari. Goron suna ba ya shiga kwamfuta! Ka kai kwafi, ka riƙe ta asali, ka sa a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata.

Sannan ka duba ko an fara zare kason CNSS (asusun fansho da tallafin ma'aikata na ƙasa), wato 5.25 cikin ɗari, kafin a lissafa harajin. Wasu kan ɗora harajin a kan albashin gaba ɗaya, sai a ci ka.

Abin da aka cire fiye da kima, nemi gyaransa a rubuce wajen ma'aikatarku, don ita ke zuba kuɗin a DGI, wato babbar hukumar haraji ta ƙasa. In sun yi ta jan ƙafa, je ofishin haraji na unguwarku da takardun watanni ukun.